Yadda Ake Tafiyar Ƙasa Zuwa Santiago de Compostela Tare da Jagora

Kiristocin ƙasarmu da suka taɓa zuwa ziyarar ibada a Urushalima sun saba da tsarin da mota ke ɗaukar ayari daga wannan wuri mai tsarki zuwa wancan, a sauka a yi addu'a, a koma mota. Ziyarar Santiago de Compostela, a yankin Galisiya da ke arewa maso yammacin Sifaniya, ta sha bamban da wannan, domin tafiyar ƙasar ita kanta tana cikin ibadar, kuma ba a bai wa maziyarci mai tafiyar ƙasa takardar shaidar kammalawa sai ya taka aƙalla kilomita 100 da ƙafarsa. Kamfanonin da ke shirya wannan tafiya tare da jagora suna ɗauke wa mutum wahalar neman masauki, da ɗaukar kaya mai nauyi, da matsalar harshe, amma takawar tana nan a wuyan maziyarci. Duk shirin da za a bayyana a nan an gina shi ne a kan wannan rabon aiki.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗi

Santiago sunan Manzo Yakubu ɗan Zabadi ne, ɗan'uwan Yahaya, da harshen mutanen Sifaniya. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 12 aya 2, ya faɗi cewa sarki Hirudus ya sa an kashe shi da takobi. Littafi Mai Tsarki ya tsaya a nan, amma al'adar Ikilisiya a Sifaniya ta riƙe cewa almajiransa sun ɗauko gawarsa a jirgin ruwa zuwa gaɓar Galisiya suka binne ta. A farkon ƙarni na 9, zamanin sarki Alfonso na II da Bishop Teodomiro, aka sanar da gano kabarin, aka gina majami'a a kansa, mutane suka fara kwararowa daga ko'ina cikin Turai. An fara ginin babbar majami'ar da ke tsaye a yau a 1075, aka keɓe ta a 1211. Hukumar UNESCO ta sanya hanyar cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1993, kuma a 2024 kusan mutum 500,000 ne suka karɓi takardar shaida a ofishin maziyarta. Ba dole ba ne ka amince da kowane ɓangare na labarin kabarin kafin ka amfana da tafiyar, domin Katolika da 'yan sauran ɗariku, har da waɗanda ba Kirista ba, duk suna bin hanyar, amma yana da kyau ka san abin da Nassi ya faɗa da abin da al'ada ta ƙara.

Hanyoyin zuwa Santiago suna da yawa, kuma a dunƙule ana kiransu Camino de Santiago. Wadda ta fi shahara ita ce Hanyar Faransa, mai tsawon kusan kilomita 780 daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port, wadda takan ci wa mai ƙarfi fiye da wata guda. Ga wanda zai fito daga Najeriya ko Nijar da biza ta ɗan lokaci da hutun aiki na mako biyu, shawarata ita ce ya ɗauki ƙarshen wannan hanya, daga garin Sarria zuwa Santiago, kimanin kilomita 115. Wannan zango ya cika sharaɗin kilomita 100, ba shi da manyan duwatsu, kuma ƙauyuka suna kusa da juna, saboda haka ruwa da abinci da wurin hutawa ba sa yin nisa. Aibinsa shi ne cunkoso, tunda babu garin da maziyarta suka fi fara tafiya daga cikinsa kamar Sarria.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Watannin Mayu, Yuni da Satumba sun fi dacewa. A Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoson 'yan hutu, daga Nuwamba zuwa Maris kuwa akwai sanyi da ruwa mai yawa, kuma masaukai da dama sukan rufe. Galisiya ƙasar ruwan sama ce, babu watan da za a ce ruwa ba zai sauka ba. Ka lura kuma da cewa duk shekarar da ranar 25 ga Yuli, wato ranar idin Manzo Yakubu, ta faɗo ran Lahadi, ana kiranta Shekara Mai Tsarki, ana buɗe wata ƙofa ta musamman a majami'ar, jama'a kuma sukan ƙaru sosai. Shekarar 2027 irin wannan shekara ce, don haka mai niyyar zuwa a cikinta sai ya kama wuri da wuri.

Mataki na biyu: zaɓen kamfani da jagora

A nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci, domin kuskuren da aka yi a wannan mataki ba ya gyaruwa a kan hanya. Kamfanoni suna sayar da tsari iri biyu da sunayensu ke kama da juna. A ɗaya, kamfani yana kama maka masauki, yana kai maka jaka daga gari zuwa gari, ya ba ka taswira da lambar waya, amma kai kaɗai kake tafiya. A ɗayan, akwai jagora na zahiri da ke tafiya da ayari, sau da yawa kuma da motar taimako da ke jira a wasu mahaɗu. Na biyun ya fi tsada, amma shi ne ya dace da dattawa, da ayarin coci, da duk wanda bai taɓa zuwa Turai ba. Ka tabbatar a rubuce wanne ne kake biya.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce. Shin jagoran zai taka tare da ku ne, ko a mota zai riƙa bin ku? Mutum nawa ne a ayarin, kuma jagora nawa ne? Wannan yana da muhimmanci, domin bayan awa biyu da tashi ayari yakan rabu, masu sauri su yi gaba, masu nawa su rage a baya, kuma jagora ɗaya ba zai iya kasancewa a wurare biyu ba. Tsarin da ya fi kyau shi ne a sami wanda ke gaba da wanda ke rufe baya. Wane harshe jagoran yake ji? Kwana nawa aka raba tafiyar? Tsarin da aka saba kwana biyar ne, amma akwai na kwana shida ko bakwai, kuma wanda ya haura shekara sittin ko yake da ciwon gwiwa gara ya ɗauki mai tsawon.

Ka tambayi kuma inda masaukan suke. Wasu kamfanoni suna kwantar da ayari a gidajen karkara masu kyau da ke nesa da hanya, su ɗauke ku da mota da yamma. Babu laifi a wannan, muddin washegari za su mayar da ku daidai wurin da kuka tsaya jiya. Idan suka sauke ku a gaba da wurin don rage muku wahala, sun yanke muku wani ɓangare na tafiyar, kuma sharaɗin takardar shaida ya lalace ko da babu wanda ya gani. Kamfanin da ya ce maka wannan ba kome ba ne bai fahimci abin da ya kawo ka ba, ka nemi wani.

Sauran tambayoyin sun shafi kuɗi da ibada. Abinci nawa ne ke cikin farashin, kuma ƙarin nawa ake biya idan mutum yana son ɗaki shi kaɗai? Za su ba ka takardar tabbatar da masauki ta kowane dare, wadda ofishin biza zai nema? Idan aka hana ka biza, kashi nawa na kuɗinka za su mayar maka? Ga matafiyi daga ƙasarmu wannan tambaya ce babba, kuma kada ka yarda da amsar baki. A ƙarshe, shin tsarin ya bar wuri don addu'ar safe, da lokacin shiru, da halartar sujada da yamma? Akwai ayarin da yawon buɗe ido ne zalla, hankalinsa a kan abinci da ruwan inabi. Idan ibada ce ta fito da kai, ka faɗi haka tun farko, ko kuma ku haɗa ayarinku daga coci tare da fastonku ko fadanku, ku ɗauki kamfani ya kula da masauki da jagoranci kawai.

Mataki na uku: biza da takardu

Sifaniya tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, saboda haka bizar ɗan gajeren zama za ka nema ta ofishin jakadancin Sifaniya ko cibiyar da ya wakilta don karɓar takardu. Ana iya shigar da buƙata tun watanni shida kafin tafiya, kuma hikima ita ce a yi haka da wuri, domin samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci. Kuɗin bizar babban mutum Yuro 90 ne tun daga tsakiyar 2024, ban da kuɗin hidimar cibiyar. Fasfonka ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar yankin, da shafuka biyu da ba a buga kome a kansu ba. Ana buƙatar inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko shaidar sana'a. Ka haɗa da jadawalin tafiyar kwana bayan kwana kamar yadda kamfanin ya tsara, da wasiƙa daga cocinka idan ayarin coci ne, domin waɗannan suna bayyana dalilin tafiyar a sarari.

Mataki na huɗu: horar da jiki

Kilomita 20 a rana ba abin tsoro ba ne ga wanda ya tashi a karkara, amma yin hakan kwana biyar a jere, a kan hawa da gangara, ga wanda ya shekara goma yana zaune a ofis, wani abu ne dabam. Ka fara horo kamar wata uku kafin tafiya. A makonnin farko ka riƙa taka kilomita 5 sau uku a mako, da sassafe kafin rana ta yi zafi, sannan ka riƙa ƙarawa a hankali har ka kai ga yin kilomita 18 zuwa 20 kwana biyu a jere ba tare da ka kwanta ciwo ba. Kwana na biyun shi ne gwajin gaskiya, domin shi ne ke nuna yadda jikinka yake farfaɗowa. Ka nemi wuri mai tudu, ko ka riƙa hawa da saukar matakalar bene, saboda gangara ta fi hawa cin gwiwa. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ya ga likitansa kafin ya fara horon, kuma ya tafi da maganin da zai ishe shi tare da takardar likita.

Duk wannan horo ka yi shi da takalmin da za ka tafi da shi da irin safar da za ka sa. Sabon takalmi shi ne babban abin da ke kayar da maziyarta. Ka sayi mai ƙarfin tafi, wanda ya ɗan fi ƙafarka girma, domin ƙafa takan kumbura bayan doguwar tafiya, kuma ka guji safar auduga zalla saboda tana riƙe gumi.

Mataki na biyar: haɗa kaya

A tsarin jagora za ka yi jaka biyu. Babbar ita ce mota za ta riƙa kaiwa masauki na gaba, kuma masu wannan hidima, har da hukumar gidan waya ta Sifaniya mai suna Correos, galibi suna ƙayyade nauyinta a kan kilo 15, suna kuma so a ajiye ta a wurin karɓar baƙi kafin ƙarfe takwas na safe. Ƙaramar jakar goyo ita ce za ka riƙa ɗauka, kuma a cikinta za ka sa ruwa, rigar ruwa, rigar sanyi marar nauyi, safa ta canji, filasta, basilin, maganinka, waya, kuɗi, fasfo da takardar maziyarci. Kada ka taɓa sa fasfo, magani ko kuɗi a babbar jaka. Kaya kala uku sun isa, tunda ana wanki a hanya. Ka ƙara da hula, da silifas na yamma, da ƙaramar tocila, da mahaɗin caji mai ƙafa biyu zagayayyu, domin soket ɗinsu ba irin na Najeriya ba ne. Sanda tana rage wa gwiwa nauyi, kuma ana sayenta a Sarria.

Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko kayan madara daga ƙasashen waje, saboda haka kilishi da dambun nama su tsaya a gida. Ka riƙe tsabar Yuro ƙanana, domin wasu shagunan ƙauye ba sa karɓar kati.

Mataki na shida: isa Sarria da karɓar takardar maziyarci

Yawancin ayari sukan haɗu a Madrid ko a Santiago, kamfani ya kai su Sarria da mota. Mai zuwa shi kaɗai zai iya hawa jirgin ƙasa daga tashar Chamartín a Madrid, ko bas daga Santiago ta garin Lugo. Ka yi ƙoƙari ka isa kwana guda kafin ranar farawa don jikinka ya huta.

A taron daren farko jagora zai ba ka takardar da ake kira credencial, doguwar takarda mai ninki da gurabun buga hatimi. Ita ce shaidarka. Ƙa'ida ita ce a buga mata hatimi aƙalla biyu a kowace rana cikin kilomita 100 na ƙarshe, tare da kwanan wata. Ana samun hatimi a majami'u, da masaukai, da wuraren shan shayi da cin abinci, da ofisoshin hukumar gari. Kada ka bar wa jagora wannan aiki. Ka buga ɗaya a inda ka kwana kafin ka tashi, ka buga wani a tsakiyar hanya, ka buga na uku a inda ka sauka, kuma ka ajiye takardar cikin leda saboda ruwa.

Jagora zai kuma nuna muku alamomin hanya: kibiya ruwan ɗorawa da aka zana a bango da duwatsu da itatuwa, da hoton ɓawon wata halittar teku da ake kira vieira, wanda shi ne tambarin maziyartan Santiago tun zamanin da, da kuma ginshiƙan dutse da ke nuna kilomitar da ta rage. Wani limamin cocin ƙauyen O Cebreiro mai suna Elías Valiña ne ya fara zana kibiyoyin a shekarun 1980, lokacin da hanyar ta kusa ɓacewa. Idan ka yi minti goma sha biyar ba ka ga kibiya ba, ka koma inda ka ga ta ƙarshe. Ka ajiye lambar jagora da sunan masaukin kowane dare a takarda, ka kuma haddace 112, lambar neman agajin gaggawa.

Mataki na bakwai: kwanakin tafiya

Ranar farko, daga Sarria zuwa Portomarín, kimanin kilomita 22 ce. Hanya tana bi ta tsohuwar majami'ar Barbadelo, da gonaki masu katangar dutse, da garken shanu da sau da yawa sai an tsaya sun wuce. A kusan kowane gida za ka ga wani dogon gini siriri a kan ƙafafun dutse, wanda suke kira hórreo, aikinsa kuma daidai yake da na rumbunmu, wato tsare hatsi daga laima da ɓera. A wannan rana za ku wuce ginshiƙin kilomita 100, kuma daga nan kowane taki yana cikin lissafi. Portomarín da za ka gani sabon gari ne, domin ruwan madatsar Belesar a kan kogin Miño ya cinye tsohon a farkon shekarun 1960. Kafin ruwan ya zo, an kwance majami'ar San Nicolás dutse bayan dutse aka sake gina ta a kan tudu, kuma har yau ana ganin lambobin da aka rubuta a jikin wasu duwatsun. Babban haɗarin wannan rana shi ne zumuɗi. Kada ka yi tsere da kowa, ka taka da saurin da za ka iya magana ba tare da haki ba.

Rana ta biyu, zuwa Palas de Rei, kusan kilomita 25 ce, kuma rabinta na farko hawa ne a hankali zuwa tsaunin Ligonde. A kusa da Castromaior akwai kufan wani gari mai ganuwa da ya girmi zuwan Kiristanci yankin, 'yan mintuna kaɗan daga hanya. Ka roƙi jagora ya ratsa da ku.

Rana ta uku ita ce mai wuya, domin daga Palas de Rei zuwa Arzúa kusan kilomita 29 ce, kuma ƙarshenta hawa da gangara ne a kwarin ƙoramu. Tsarin kwana shida yana raba ta biyu a garin Melide, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓensa. Melide ta shahara da dafa wata halittar teku mai hannaye takwas da suke kira pulpo, ana yanka ta a kan akushin katako da man zaitun da barkono, Arzúa kuwa da cuku aka san ta. Kafin Arzúa za ku sauka Ribadiso, inda wani tsohon asibitin maziyarta a bakin kogin Iso ya zama masauki. Idan ka tsoma ƙafa a ruwan, ka busar da ita sosai kafin ka mayar da safa.

Rana ta huɗu, zuwa O Pedrouzo, kimanin kilomita 19 ce cikin dazukan itacen turare, kuma tana da sauƙi. Abin kula shi ne hanyar tana tsallaka babban titin mota mai lamba N-547 sau da dama. Ka tsaya ka duba da kyau, kuma a duk inda dole a bi gefen kwalta ka bi hannun hagu kana fuskantar motoci.

Kowace rana tana da tsari kusan iri ɗaya: karin kumallo, ajiye babbar jaka, addu'a, tashi da misalin ƙarfe takwas, hutu bayan kowace awa biyu, isa masauki tsakanin ƙarfe biyu da huɗu. Agogon Sifaniya yana gaba da rana, saboda haka a ƙarshen Satumba gari ba ya wayewa sai bayan ƙarfe takwas, a Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare. Abincin dare ba kasafai ake fara shi kafin ƙarfe takwas ba, don haka ka ci na rana da kyau. Naman alade yana cikin abinci da yawa, har da miyar ganye, kuma ana kawo ruwan inabi tare da abinci ba tare da an tambaya ba. Wanda ba ya ci ko ba ya sha ya sanar da kamfani tun kafin tafiya, ya kuma tuna wa jagora a daren farko. Ana shan ruwan famfunan hanya, sai dai wanda aka rubuta wa "no potable", wato ba na sha ba.

Kula da ƙafa aiki ne na kullum. Ka shafa basilin tsakanin yatsu da diddige kowace safiya. Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi, ka tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira sai an kai wurin hutu, domin cikin rabin awa zafin yakan zama bororo. Idan bororon ya yi ja, ko ya fara ruwa, ko kana da ciwon suga, ka sa jagora ya kai ka kantin magani ko asibiti.

Game da motar taimako, ka yanke shawara tun kafin gajiya ta zo. Idan ciwo ya tsananta, ka shiga mota, domin lafiyarka ta fi takarda. Sai dai ka sani cewa wannan yankin da ka tsallake ba ka taka shi ba, kuma abin da ya dace shi ne ka roƙi a mayar da kai wurin idan ka warware, ko kuma ka faɗi gaskiya a ofishin maziyarta.

Akwai ladubban hanya da jagora nagari zai tuna muku. Ana gaisawa da "Buen Camino", wato fatan a sauka lafiya. Ayari babba kada ya tare hanya, a bar wa masu keke da masu sauri wuri. Waƙar yabo tana da daɗi a fili, amma a rage murya a cikin ƙauyuka da sassafe, kuma kada a kunna waƙa a waya ba tare da abin kunne ba, domin mutane da yawa suna tafiya ne da baƙin ciki ko wa'adi a zuciyarsu. Ina ba da shawara mai ƙarfi cewa ayari ya ware awa guda kowace safiya da babu mai magana, kowa da ayarsa ko addu'arsa. Tafiya cikin ƙungiya tana saurin zama hira tun daga tashi har sauka, kuma wannan awa guda ita ce ke tsare dalilin zuwan.

Mataki na takwas: shiga Santiago

Rana ta ƙarshe kimanin kilomita 20 ce. Za ku zagaya filin jirgin sama, ku wuce Lavacolla, inda maziyartan da suke wanka a ƙorama kafin su shiga birni, sannan ku hau Monte do Gozo, Tudun Murna, inda ake fara hango hasumiyoyin majami'ar daga nisan kusan kilomita 5. A nan ne Paparoma John Paul na II ya gana da matasan duniya a 1989. Ya kamata ayari ya jira juna a wannan tudu don a shiga gari tare. Hanya tana bi ta tsohon birni ta ƙare a dandalin Obradoiro, gaban majami'ar, inda kuma za ka ga ginin da sarki Ferdinand da sarauniya Isabella suka kafa a 1499 don jinyar maziyarta, wanda yanzu otal ne.

Ofishin maziyarta yana titin Rúa das Carretas, kusa da dandalin. Ana yin rajista ta waya, a karɓi lambar layi, a miƙa credencial a duba hatimai. Takardar shaidar, wadda ake kira Compostela, da harshen Latin aka rubuta ta, kyauta ce, kuma ana bayar da ita ga wanda ya yi tafiyar don dalilin addini ko na ruhaniya. Ana iya roƙon a rubuta cewa an yi tafiyar a madadin wani marar lafiya ko mamaci. Akwai wata takarda dabam da ke nuna nisan da aka taka, ita kuma ana biyan ɗan kuɗi. Jagora yakan iya shigar da takardun ayari gaba ɗaya, ka tambaye shi tun daren da ya gabata.

Ba a shiga majami'ar da jakar goyo, sai ka ajiye ta a masauki ko wurin ajiyar kaya. Sujadar maziyarta da aka fi cika ita ce ta ƙarfe 12 na rana, akwai kuma ta ƙarfe 7:30 na yamma, kuma mai son wurin zama ya shiga awa guda kafin lokaci. Mai tashi daga O Pedrouzo da ƙarfe takwas da wuya ya riski ta rana, don haka gara a tsara ta yamma ko ta washegari. Kowa yana iya halarta, amma bisa ƙa'idar Katolika 'yan ɗarikarsu ne ke karɓar Jibin Ubangiji, saboda haka wanda ba Katolika ba ya zauna a wurinsa cikin addu'a. Maziyarta sukan sauka ƙarƙashin bagadi inda akwatin azurfa mai ɗauke da ƙasusuwan da ake dangantawa da Manzo yake, sukan kuma hau bayan bagadi su rungumi siffarsa, kuma wanda koyarwar cocinsa ba ta yarda da wannan ba babu mai tilasta masa. Shahararren kaskon turaren nan mai suna Botafumeiro, mai nauyin fiye da kilo 50, wanda mutum takwas ke ja da igiya yana lilo a tsakiyar majami'ar, ba kullum ake kaɗa shi ba. Ana yin haka a manyan ranakun idi irin su Ista, 25 ga Yuli da Kirsimeti, ko idan wani ayari ya ɗauki nauyinsa, don haka kada ka yarda da kamfanin da ya yi maka alkawarin ganinsa ba tare da hujja ba. Ƙofar da ake kira Pórtico de la Gloria, wadda gwanin sassaƙa Mateo ya yi a ƙarshen ƙarni na 12, tana buƙatar tikiti na dabam da ake kamawa tun da wuri.

Ka bar wa kanka aƙalla cikakken yini guda a Santiago kafin jirgin komawa. Wasu kamfanoni suna ƙara tafiyar yini ɗaya da mota zuwa Fisterra a bakin tekun Atlantika, kimanin kilomita 90 zuwa yamma, inda ginshiƙin hanya ke nuna kilomita sifiri. An hana tsohuwar al'adar ƙona tufafi a wurin saboda gobarar daji. Kafin ka tsara wannan ƙari, ka duba adadin kwanakin da aka rubuta a bizarka, ka lissafa har da ranar shiga da ranar fita, domin wuce wa'adi ko da kwana ɗaya yana iya hana ka samun biza a gaba.